Ajiye Hotuna a Kwamfutar Gida: Amsoshin Tambayoyin da Ba Sa Ƙarewa

Gyaran kwamfuta nake yi, kuma da wuya mako ya wuce ban ga wanda ya shigo shago rungume da kwamfuta, ido ya raina fata, yana cewa hotunan bikinsa ko na sunan ɗansa suna ciki ba. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na rubuta ta.

Na kwashe hotunan daga waya na zuba a kwamfuta. Ba shi ke nan ba?

A'a. Ɗaki kawai ka sauya musu. Muddin ka goge na wayar, kwafi ɗaya gare ka, kuma kwafi ɗaya ba ajiya ba ce.

Ai kwamfutata sabuwa ce, me zai same ta?

Faifan ajiyar da ke cikinta, idan mai juyawa ne, yana zagaye 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, allurar karatunsa na shawagi daf da shi. Ta faɗo daga kan gado tana kunne, an gama. Idan SSD ne, wato sabon nau'in ma'aji mai kama da filash, ba ya juyawa, amma shi mutuwar fuju'a yake yi, ba sallama. Ban da ɓarawo, ban da wutar da ake kawowa da ƙarfi, ban da yaro da kofin kunu.

Suna WhatsApp da Facebook fa.

Ba su ne ba, inuwarsu ce. Duka biyun matse hoto suke yi su rage masa inganci. Ranar da ka je a wanke maka babba ka rataya a falo za ka ga bambancin.

To kwafi nawa zan yi?

Uku. Masu ɗaukar hoto na kiran wannan ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen gidanka. Na farko a kwamfuta, na biyu a faifan waje, wato wanda ake jonawa a cire, na ukun kuma can nesa. Wanda ya ajiye faifan wajen cikin jakar kwamfutar bai yi komai ba, don ɓarawo jakar zai ɗauka gaba ɗaya.

Na ga filash mai 1TB da arha. In saya?

Kada ka soma. Irin waɗannan ana sauya musu lissafi ne su nuna 1TB, alhali cikinsu ƙarami ne. Za ka ga sunayen hotuna jere a folda, ka danna, ba abin da zai buɗe. Idan har ka riga ka saya, gwada shi da manhajar H2testw kafin ka zuba masa komai. Faifan gaske mai 1TB, wato 1,000GB, kuwa Windows kan nuna shi kusan 931GB, wannan bambancin lissafi ne, ba cuta aka yi maka ba.

Hotunana sun kai 600GB, data na da tsada, wuta ba ta tsayawa. Ina zan kai kwafi na ukun?

Nan ne maganar take, kuma ba ni da amsa guda da za ta dace da kowa. Ajiya ta intanet ita ce mafi kwanciyar hankali idan aljihu zai ɗauka, amma a yi lissafi. Google na ba da 15GB kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos duk daga nan suke ci. Tun 1 ga Yuni 2021 suka daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka. iCloud, ma'ajin intanet na masu iPhone, 5GB yake bayarwa. Saboda haka 600GB biya ne duk wata, sannan ga datar da za ta ɗora su, wadda ita ma sai ta kai 600GB ɗin. Mai intanet na ofis ko na gida mara iyaka zai iya, a hankali, cikin dare. Mai sayen data kaɗan-kaɗan kuwa, ban ba shi wannan shawarar ba.

Abin da nake gaya wa yawancin mutane shi ne su raba hotunan gida biyu. Ka zauna ka tsamo waɗanda idan suka ɓace za ka yi kuka: na iyaye, na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, na aure, na haihuwa, na aikin Hajji. Hoton waya bai cika wuce 3MB zuwa 5MB ba, ka ga dubu biyu za su shiga cikin 10GB. Waɗannan su hau intanet. Sauran kuma ka sayi faifan waje na biyu, ka cika shi, ka kai gidan mahaifiyarka ko na yayanka. Duk bayan wata biyu ko uku ka je da na gidan wanda ka sabunta, ka karɓo wancan. Illarsa ita ce hotunan da ka ɗauka tsakanin zuwa da zuwa ba su da kariyar nan, kuma abin ya dogara ga rashin kasalarka. Idan ka san halinka, ka haɗa shi da wata ziyara da ba ka fashi.

Wane iri za a saya? Mai juyawa ya fi arha, kuma ya fi dacewa da zaman durowa, amma ba ya son faɗuwa. SSD na jure jijjigar babur, sai dai ya fi tsada, kuma ba a so a bar shi shekaru ba a jona shi ba. Kowanne ka zaɓa, sa shi cikin roba mai murfi saboda ƙurar hunturu, kada ka bar shi a mota cikin zafin bazara. Idan kana amfani da Windows da Mac, yi masa fomat da tsarin da ake kira exFAT, su biyun za su karanta. Asusun Google ɗin ma a riƙa leƙa shi, don wanda ya shekara biyu ba a taɓa ba suna iya goge shi.

Na goge hoto a waya, sai ya ɓace a intanet ma. Yaya haka?

Saboda ajiyar intanet da ke haɗe da waya madubi ce, abin da ka yi a nan shi zai faru a can. Kwantar da hankalinka, duba kwandon shara. iCloud na riƙe wanda aka goge kwana 30.

In bar faifan wajen a jone kullum?

A'a. Bairos mai kulle fayil a nemi kuɗin fansa yana bin duk abin da ke jone. Kwafa, cire, adana.

Faifan ya fara ƙara, ƙyat-ƙyat-ƙyat. Me zan yi?

Kashe shi yanzu. Kada ka buga shi, kada ka sa a firji, kada ka bari a kwance shi a kan teburin kasuwa. Wata baiwar Allah ta kawo mini nata, hotunan mahaifinta marigayi duk suna ciki. Kwana uku tana kunnawa tana kashewa ko zai tashi. Kafin ya iso hannuna allurar ta riga ta karce faifan, ba abin da na iya ciro mata, ta zauna a kan benci ta daɗe ba ta ce uffan ba.

Na kunna File History, tsarin Windows mai kwafe fayil zuwa faifan waje da kansa, tun bara. Na huta ko?

Ka taɓa buɗewa ka gani? Yau ka jona faifan a wata kwamfuta daban, ka buɗe hotuna goma daga shekaru daban-daban, ka duba ranar kwafin ƙarshe. Na sha ganin wanda ya tsaya tun wata takwas baya, mai shi bai sani ba.