Jingine takardar gwajin sabon magani a Amurka

A dokar Amurka, duk kamfani ko mai binciken da zai gwada sabon magani a jikin mutane sai ya miƙa wa hukumar abinci da magunguna ta FDA wata takarda da ake kira IND. Jinginewa matsayi ne da ake bai wa takardar idan aiki ya tsaya a kanta, ba tare da an soke ta ba. Ƙa'idar tana sashe na 312.45 na kundi na 21 na dokokin tarayya.

Tarihi

Tushen tsarin shi ne bala'in maganin thalidomide. Dakta Frances Kelsey ta FDA ta ƙi amincewa a sayar da shi, amma kamfanin Richardson-Merrell ya riga ya raba wa likitoci sama da 1,200 ƙwayoyinsa da sunan gwaji, har ya kai ga mutane kusan 20,000. Da aka gano yana nakasa jarirai tun cikin ciki, gano inda ragowar ƙwayoyin suka shiga ya zama aiki ja. Wannan ya sa majalisar dokokin Amurka ta yi wa dokar magunguna gyaran da ake kira na Kefauver da Harris a 1962, ƙa'idojin IND kuma suka biyo baya a 1963. Sashen jinginewa yadda yake yau yana cikin garambawul ɗin da aka yi wa ƙa'idojin a 1987.

Sharuɗɗa

Ana iya jingine takarda idan shekara 2 ta wuce ba a shigar da ko mutum ɗaya cikin gwaji ba, ko kuma idan FDA ta dakatar da dukkan gwaje-gwajen da ke ƙarƙashinta na shekara 1 ko fiye. Mai takardar na iya nema da kansa. In hukumar ce ta fara, sai ta sanar da shi a rubuce, ta ba shi kwana 30 ya kawo hujjarsa.

Bayan jinginewa, ba a buƙatar mai takardar ya miƙa rahoton shekara-shekara. Wajibi ne a sanar da duk likitocin gwajin, a dawo da ragowar maganin ko a lalata shi. Wannan sharaɗi ne mafi muhimmanci, domin shi ke hana maganin da ba a tantance ba zama a kantar likita babu mai lura.

Farfaɗowa

Mai son ci gaba zai miƙa tsarin binciken shekara mai zuwa, ya jira kwana 30. Takardar da ta shekara 5 a jingine, FDA na iya soke ta.