Ma'aikacin Lafiyar Al'umma a Nijeriya

Ma'aikacin lafiyar al'umma, wanda ake taƙaita sunansa da CHEW, shi ne wanda aka horar don duba marasa lafiya a ƙananan asibitoci, yin allurar rigakafi, awon masu juna biyu da wayar da kan jama'a kan tsafta da abinci. Ba likita ba ne, ba kuma nas ba ne. Amma a yawancin asibitocin sha-ka-tafi na karkara shi ne babban ma'aikacin da ake iskewa, shi ya sa mutanen ƙauye suke ce masa malamin asibiti, wasu ma likita kai tsaye.

Asali

Tun zamanin Turawa akwai masu ba da magani a ƙananan dakunan shan magani na hukumomin gargajiya. Tsarin da ake kai yanzu ya samo tushe ne daga shirin kiwon lafiya a matakin farko da ke cikin tsarin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980, lokacin da aka buɗe makarantun koyon aikin lafiya a jihohi. Taron ƙasashen duniya kan kiwon lafiya a matakin farko da aka yi a birnin Alma-Ata a 1978 ya ƙara wa shirin ƙarfi, sannan Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya mayar da shi ƙashin bayan manufar lafiya ta ƙasa. A 1992 aka kafa hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma, wato CHPRBN, bisa doka mai lamba 61, kuma ita ce har yau ke yi wa masu wannan sana'a rajista da ba su lasisi.

Yadda ake shiga aikin

Mataki uku ne. Ƙaramin ma'aikaci, wato JCHEW, yana yin shekara 2 ya fito da satifiket. CHEW yana yin shekara 3 ya fito da difloma, kuma ana neman kiredit 5 daga gare shi a jarrabawar WAEC ko NECO, a Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Wanda ya yi wasu shekaru yana aiki zai iya komawa asibitin koyarwa, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello, ya ƙaro karatu ya zama jami'in lafiyar al'umma, CHO, wanda yawanci shi ke shugabantar asibitin gunduma. A Arewa ana wannan karatu a kwalejojin Maƙarfi, Jahun, Kankiya, Tsafe, Ningi, Gwadabawa da wasunsu. Makarantu masu zaman kansu ma sun yawaita, don haka ya kamata mai neman gurbi ya fara tabbatar da cewa hukumar ta amince da makarantar, domin takardar da ba ta kai mutum ga jarrabawar ƙasa da lasisi ba asarar kuɗin iyaye ce.

Karatun bai tsaya a aji ba. Ana tura ɗalibai asibiti su koyi aiki da hannu, ana kuma kai su ƙauye su zauna, su bi gida-gida su ƙidaya mazauna, su duba rijiyoyi da masai, su gano cututtukan da suka fi damun wurin.

Littafin ƙa'ida da aikin yau da kullum

Abin da ya bambanta wannan ma'aikaci da sauran shi ne littafin ƙa'idojin aiki da doka ta ɗora shi a kai. Littafin ya jera alamomin ciwo, tambayar da za a yi, abin da za a duba, maganin da za a bayar, da kuma inda za a tsaya a tura mutum gaba. A ce uwa ta kawo ɗanta ɗan wata 8 yana tari. Malamin zai sa ta ɗage masa riga, ya dubi agogo, ya ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Idan ya kai 50 ko ya haura, alamar nimoniya ce, sai a fara magani. Idan yaron ya kasa kama nono ko yana jijjiga, babu zancen jira, sai a rubuta takarda zuwa babban asibiti. Haka ma tamowa: akwai wani ɗan tef mai launi uku da ake naɗa wa yaro a damtse, in ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yunwa ta yi tsanani. Zazzaɓi kuwa sai an huda yatsa an ɗiga jini a ɗan katin gwaji, layi biyu ya fito, kafin a ba da maganin cizon sauro.

A takarda, an tsara ya raba lokacinsa tsakanin cikin gari da asibiti. A zahiri ƙarancin likitoci da ungozomomi ya ɗaure shi a kan tebur, ga layin mata masu awo, ga masu jiran allura. Gwamnatin tarayya ta amsa wannan gaskiyar a 2014, ta fitar da manufar da ta ba waɗannan ma'aikata damar karɓar haihuwar da ba ta zo da matsala ba da sanya robar tazarar haihuwa, bayan ƙarin horo. Inda ake samun ɓaraka shi ne idan ma'aikaci ya wuce iyakarsa, ya riƙe mai naƙudar da ta daɗe, ko ya yi ta sa wa mutane ƙarin ruwa don sun nema. Sau da yawa nisan babban asibiti da rashin kuɗin mota ne ke sa dangi su matsa masa da "Malam, ka taimaka a yi a nan."

A wasu ƙasashe

A Amurka akwai mataimakin likita, wato medical assistant, mai karatun shekara 1 zuwa 2, kuma ƙungiyarsu ta AAMA ta kafu tun 1956. Sai dai aikinsa auna hawan jini, ɗibar jini da tsara takardun marasa lafiya ne, likita na nan kusa a cikin ginin. Ba shi da hurumin yanke hukunci kan ciwo da kansa yadda littafin ƙa'ida ya ba CHEW na Nijeriya.