Council da Counsel: Majalisa Daban, Shawara Daban

Idan Bature ya furta council, ya sake furta counsel, kunne ba ya raba su. Wannan ba laifin kunnen Bahaushe ba ne, domin a Landan ma lafazinsu ɗaya ne, wani abu mai kama da “kaunsul”. Sai an zo rubutu ake ganin bambanci: ta farko tana ƙarewa da c-i-l, ta biyu da s-e-l. Haruffa biyu kacal suka raba su, amma ma'anoninsu sun yi hannun riga, kuma mutanen da suka fi buƙatar kalmomin nan, wato 'yan jarida, sakatarorin ofisoshi, masu rubuta ƙorafi da masu neman aiki, su ne suka fi faɗawa cikin ruɗanin.

Council ita ce mai sauƙin. Suna ne kawai, ba a mayar da ita aikatau. Tana nufin taron mutane da aka zaɓa ko aka naɗa domin su zauna su tattauna, su yanke hukunci ko su tafiyar da wani al'amari. Duk inda ka gan ta, akwai kujeru, akwai shugaba, akwai 'yan majalisa. Majalisar Zartarwa ta Tarayya, inda Shugaban Ƙasa ke zama da ministocinsa, ita ce Federal Executive Council. Majalisar Masarautar Kano ita ce Kano Emirate Council. Ƙananan hukumomi 774 na Najeriya kowace tana da majalisarta, kuma guda shida na Babban Birnin Tarayya, wato Abaji, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da na cikin birnin Abuja, sunansu ma Area Council. A Ingila kalmar ta shiga rayuwar yau da kullum har ta kai gidan da ƙaramar hukuma ke bai wa masu ƙaramin ƙarfi haya ana kiransa council house, harajin da magidanta ke biya mata kuma council tax.

Abin lura shi ne Hausa ba ta tsaya kan “majalisa” kaɗai ba wajen fassara ta. Security Council mai mambobi 15, biyar daga cikinsu masu kujerar dindindin, gidajen rediyo sun saba kiransa Kwamitin Sulhu ko Kwamitin Tsaro na Majalisar Ɗinkin Duniya. West African Examinations Council, wato WAEC da aka kafa a 1952, hukumar shirya jarrabawa muke ce mata. Saboda haka mai fassara daga Hausa zuwa Turanci kada ya ɗauka duk “majalisa” council ce. Majalisar Dokoki ta Ƙasa, alal misali, National Assembly ake ce mata. Sunan hukuma ba a ƙirƙirarsa, ana duba yadda ita kanta take rubuta shi a kan takardunta.

Counsel ita ce mai rassa, kuma a nan ya kamata a ɗan daɗe. Asalin ma'anarta shawara, amma ba irin shawarar “wane shago ya fi araha” ba. Wannan advice ce. Counsel tana da nauyi: shawarar dattijo, ta malami, ta ƙwararre, wadda aka yi tunani kafin a bayar. Idan aka ce “He sought the counsel of the elders”, ana nufin ya nemi shawarar dattawa. A wannan ma'anar yawanci ba a ƙirga ta, ba kasafai ake cewa “a counsel” ko “two counsels” ba. Akwai kuma salon magana “to keep one's own counsel”, wato mutum ya bar abin da ke ransa a cikinsa, bai faɗa wa kowa nufinsa ba. Sannan tana zama aikatau: “The doctor counselled him to rest”, likita ya shawarce shi da ya huta. Wannan kaɗai ya isa gwaji. Duk lokacin da kalmar ta ɗauki -ed ko -ing a ƙarshenta, to mai s-e-l ce, domin babu wani abu wai shi “councilling” a Turanci.

Daga nan aka samu counselling, wato zama da mutum a saurari damuwarsa a taimaka masa ya samu mafita. Ofishin guidance and counselling na makarantun sakandare, inda ake yi wa ɗalibi jagora kan darussan da zai zaɓa da matsalolin da ke damunsa, daga wannan reshen yake. Haka zaman da ake yi da mutum a asibiti kafin gwajin cutar ƙanjamau da bayansa, da zaman da ake yi da ma'aurata kafin rikici ya kai ga saki.

Reshe na biyu shi ne na kotu. A can counsel na nufin lauya, mutumin da kansa, ba shawararsa ba. Wanda ya taɓa zama a babbar kotu ya ji alƙali yana cewa “learned counsel” idan yana nufin lauyan da ke gabansa. Lauyan wanda ake ƙara shi ne defence counsel, mai gabatar da ƙara kuma prosecuting counsel. Akwai wata ƙa'ida da jaridunmu ke yawan takawa: jam'in kalmar a wannan ma'ana ba ya canzawa. Lauya ɗaya counsel, lauyoyi goma ma counsel. “Counsel for both parties were in court”, lauyoyin ɓangarorin biyu sun halarci kotu. Kalmar “counsels” ta yi yawa a kanun labarai har ido ya fara sabawa da ita, amma a rubutun shari'a na ƙa'ida ba a sa mata s.

Manyan lauyoyin Ingila da ake ba rigar siliki ana kiransu King's Counsel idan sarki ke mulki, Queen's Counsel idan sarauniya ce. Ranar 8 ga Satumba 2022 da Sarauniya Elizabeth ta rasu, duk masu QC a bayan sunansu suka koma KC nan take. Najeriya ma ta yi amfani da wannan muƙami a zamanin Turawa: Cif Rotimi Williams ya samu QC a 1958. Bayan ƙasar ta zama jamhuriya aka daina, daga baya aka fito da Senior Advocate of Nigeria, wato SAN, wanda aka fara bayarwa a 1975 ga shi Rotimi Williams ɗin da Dokta Nabo Graham-Douglas. A Amurka kuwa akwai special counsel, lauya na musamman da Ma'aikatar Shari'a ke naɗawa ya binciki lamarin da ke da sarƙaƙiyar siyasa, kamar Robert Mueller da aka naɗa a 2017 kan zargin katsalandan na Rasha a zaɓen 2016. Mai fassara labari da ya ɗauki wannan a matsayin “majalisa ta musamman” ya mayar da mutum ɗaya taron jama'a.

Ga inda abin ke yi mini ciwo. Je ka rumfunan masu buga takardu da ke bakin kotuna da sakatariyoyi. Dattijo zai zo da rigimar gona, ya zauna a benci, ya zayyana wa yaron da ke kan kwamfuta abin da yake so a rubuta. Yaron ya buga “I am writing through my council”, ya duba allo bai ga jan layi a ƙarƙashin kowace kalma ba, ya fitar da takarda, dattijo ya dangwala yatsa ya biya kuɗi. Kwamfuta ba ta yi ƙarya ba, council kalma ce ta gaskiya, ba a wurinta take ba ne kawai, kuma manhajar duba rubutu sau da yawa ba ta kama irin wannan. Takardar tana cewa dattijon na rubutu ta hannun majalisarsa, alhali lauyansa yake nufi. Wanda zai karanta zai gane manufar, amma zai fara kallon takardar da raini kafin ya kai ga ƙorafin da ke cikinta, kuma wanda za a raina shi ne mutumin da bai rubuta ko harafi ɗaya ba. Haka matashiyar da ta karanta guidance and counselling a jami'a, ta rubuta takardar neman aiki tana cewa tana son gurbin “school councillor”. Ta nemi kujerar kansila ke nan a makaranta.

Ruɗanin ya girmi Najeriya. Kalmomin biyu daga Latin suka fito ta hanyar Faransanci, bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066. Council tushenta concilium, taron da aka kira, kuma da ita ake kiran manyan tarukan shugabannin coci. Counsel tushenta consilium, shawara ko tuntuɓa. Tun a Latin harafi ɗaya ya raba su, kuma Turawan Ingila sun shafe ƙarnuka suna cakuɗa su a rubutu kafin a tsayar wa kowace da wurinta wajejen ƙarni na 16. Faransanci bai yi wannan rabon yadda Turanci ya yi ba: conseil tana ɗaukar majalisa, tana ɗaukar shawara. Shi ya sa ɗan Maradi ko Damagaram da ya yi boko da Faransanci ya fi shan wahala idan ya zo Turanci. A wurinsa majalisar sojojin da ta karɓi mulki a Yamai a Yulin 2023 conseil ce, shawarar da aboki ya ba shi ma conseil ce. Da ya koma Turanci sai ya raba: ta farko council, ta biyu counsel ko advice.

Mai jin Hausa yana da gata a nan, domin harshensa ya riga ya raba masa. Majalisa wurin zama ce da mutanen da ke zaune, shawara kuwa abin da ke fitowa daga bakinsu. Ba wanda zai ce “na je neman majalisa wurin kawuna” yana nufin shawara. Saboda haka kafin ka rubuta, mayar da jimlar Hausa a zuciyarka. Idan majalisa, hukuma ko kwamiti ya fito, c-i-l. Idan shawara ko lauya ya fito, s-e-l. Ga mai son abin tuni, s ta counsel ita ce harafin farko na shawara.

Wuraren da suka fi gwada mutum su ne inda ma'anonin biyu suka haɗu a gida ɗaya. Council of State, wadda ake kira Majalisar Ƙoli ta Ƙasa, ta ƙunshi Shugaban Ƙasa da mataimakinsa, tsofaffin shugabanni, tsofaffin Alƙalan Alƙalai, Shugaban Majalisar Dattawa, Kakakin Majalisar Wakilai, gwamnoni da Antoni Janar. Aikinta a Kundin Tsarin Mulki na 1999 shi ne ba Shugaban Ƙasa shawara kan abubuwa irin su ƙidayar jama'a, afuwa ga fursunoni da lambobin yabo na ƙasa. Aikinta shawara ne, amma ita kanta taron mutane ce, don haka council. Legal Aid Council, da aka kafa a 1976 domin sama wa marasa galihu lauya kyauta, hukuma ce, don haka council, lauyan da za ta tura maka kotu kuma counsel. Privy Council ta Ingila, wadda kwamitinta na shari'a ya kasance kotun ƙarshe ga Najeriya har zuwa 1963, kuma ita ta yanke hukunci a shari'ar Adegbenro da Akintola kan rikicin Firimiyan Jihar Yamma, ta fi kowa rikitarwa: majalisar council ce, amma a hukumance ana rubuta sunan mambobinta Privy Counsellors, da s-e-l, saboda asalinsu mashawartan sarki ne.

Wannan ya kawo mu ga 'ya'yan kalmomin. Councillor shi ne ɗan majalisa, musamman ta ƙaramar hukuma, kuma daga nan Hausa ta ari “kansila”, mai wakiltar mazaɓa, wanda ke zama da ciyaman. Counsellor shi ne mai ba da shawara: na makaranta, na asibiti, na ma'aurata. Muƙami ne kuma a ofisoshin jakadanci, ƙasa da jakada. A Amurka har lauya ana ce masa counselor a gaban alƙali. Turancin Ingila, wanda makarantun Najeriya da Gana ke bi, yana ninka l: councillor, counsellor, counselling. Na Amurka l ɗaya yake sawa: councilor, counselor, counseling. Duka biyun daidai ne, abin da ba ya kyau shi ne a fara takarda da ɗaya a ƙare da ɗayan. Amma “councellor”, da ake gani an rubuta da fenti a ƙofar ofisoshi, ba ta Ingila ba ce ba ta Amurka ba. An ɗauki kan wannan an haɗa da jelar waccan.

Akwai ta uku da ke laɓe a gefe, consul, ƙaramin jakada mai kula da 'yan ƙasarsa a wani birni na ƙasar waje. Lafazinta ya bambanta, “konsul” ne ba “kaunsul” ba, ofishinsa kuma consulate. Alhajin da fasfonsa ya ɓata a Makka, ofishin da zai nema a Jidda shi ne consulate na ƙasarsa, ofishin jakadanci babba kuwa, wato embassy, yana Riyad.