Bayan an sace bayanai: yadda za ka gane masu damfara da sunan ba ka kariya

Me ya sa kiran 'yan damfara ke biyo bayan labarin kutse?

Saboda a lokacin mutane na cikin fargaba, kowa na jiran wanda zai ce masa ga mafita. A 2017 an yi wa Equifax kutse, kamfanin da ke tattara tarihin bashin jama'a a Amurka, aka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147: suna, ranar haihuwa da lambar shaidar da gwamnati ke bai wa kowa. Kamfanin ya buɗe shafin dubawa mai adireshin equifaxsecurity2017.com. Wani masanin kwamfuta ya juya kalmomin, ya buɗe securityequifax2017.com don ya nuna haɗarin, sai ga ma'aikatan kamfanin da kansu suna tura jama'a shafin bogin ta Twitter. Da aka zo biyan diyya a 2019, hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta ja kunnen jama'a kan shafukan bogi na neman diyyar.

Mai kiran ya faɗi cikakken sunana da ranar haihuwata har da BVN. Ba wannan ke nuna daga banki yake ba?

A'a, kuma a nan aka fi kama mutane. Waɗannan su ne ainihin abubuwan da ake sacewa, ana kuma sayar da su daga hannu zuwa hannu. Yana karanto maka su ne don ka saki jiki ka ba shi abin da ya rage masa: lambar OTP da aka turo wayarka, lambar sirrin katinka, ko lambobi ukun da ke bayan katin. Suna da BVN kaɗai ba su isa a cire kuɗi daga asusunka ba, shi ya sa yake buƙatar ka. Sunan banki da ya fito a kan saƙo ma ba hujja ba ne, ana iya ƙirƙirar sa.

Wace irin "kariya" suke tallatawa?

Wani zai ce ka biya kuɗin rajista don a goge bayananka daga intanet, alhali abin da ya riga ya bazu babu mai iya tattaro shi. Wani zai ce ka mayar da kuɗinka wani "amintaccen asusu" kafin a gama bincike. Asusun nasa ne. Mafi muni shi ne wanda zai sa ka sauke manhaja irin AnyDesk ko TeamViewer ka karanto masa lambar da ta fito. Manhajojin na halak ne, amma da ka amince, yana kallon fuskar wayarka, kowane saƙon banki na shigowa a gabansa. Kusan kullum za ka ji gaggawa a maganar: "Ranka ya daɗe, nan da minti goma za a rufe asusun."

To yaya zan tabbatar?

Katse kiran. Kira lambar da ke bayan katinka, ko ka taka zuwa reshen bankin. Kada ka taɓa adireshin da aka turo a saƙo. Rubuta na kamfanin da hannunka. A Najeriya, dokar kare bayanai ta 2023 ta wajabta wa kamfani sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 idan kutsen na iya cutar da mutane. Sanarwar gaskiya takan faɗi abin da aka sace da matakin da za ka ɗauka, ba ta neman kuɗi ko lambar sirri.

Me zan yi da kaina?

Fara da imel, domin ta nan ake sake kalmar sirrin sauran asusunka. Sauya kalmarsa, da ta duk inda ka maimaita ta. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a imel da WhatsApp. Saka wa katin SIM lambar sirri, don wanda ya samu layinka zai iya danna *565*0# ya ga BVN ɗinka. Amma ka ajiye lambar PUK, wadda ake buɗe layi da ita, don kuskure uku wajen saka lambar sirrin na kulle layin. Shafin Have I Been Pwned na nuna maka kyauta ko imel ɗinka na cikin waɗanda aka sace. Ka kuma nemi rahoton bashinka daga kamfanonin da ke tattara tarihin bashi a Najeriya, CRC, FirstCentral ko CreditRegistry, ka ga ko an ci bashi da sunanka.

Na riga na ba da OTP. Yanzu fa?

Rufe asusun da katin nan take, ta lambar rufewa da bankinka ya tanada ko ta layin kiransa. Rubuta koke mai ɗauke da lokaci, adadin kuɗin da asusun da aka tura wa, ka karɓi lambar koken. Idan banki ya yi shiru, kai maganar sashen kare abokan hulɗa na CBN. Idan sabis ya ɗauke a layinka haka kawai, garzaya ofishin kamfanin layin, wataƙila wani ya yi masa welkam-bak, wato ya karɓi sabon SIM da lambarka. Kuma ka yi tsammanin kira na biyu, daga wanda zai ce jami'i ne da zai dawo maka da kuɗin idan ka biya wani abu. Sau da yawa mutanen farkon ne suka sake murya.