Me ake nufi da "cin muhawara"?

Duk lokacin da 'yan takara suka fito a talabijin suka yi muhawara, washegari a teburin mai shayi na ƙauyenmu da ke ƙaramar hukumar Kura tambaya ɗaya ce ke fara fitowa: "To, wa ya ci?" Wani ya ce wane ya kayar da wane, wani ya ce ai wancan bai ko iya buɗe baki ba. Akasarin masu wannan magana ba su kalli shirin ba, domin da Turanci ake yinsa, kuma sai an biya kuɗi a gidan kallo mai janareta. Abin da ya iso mana shi ne sharhin rediyo, da abin da sojojin baka suka ɗora a kai.

Kalmar muhawara daga Larabci muka aro ta, kuma asalin ma'anarta musayar zance ce: ka faɗa, a ba ka amsa, kai ma ka saurara. Ta bambanta da musu, wanda kowa ke kafewa a kan bakansa, ta kuma bambanta da cacar baki, wadda burinta a kunyata abokin magana. Duk wanda ya yi firamare ya san ta, ranar da malam zai raba aji biyu a kan noma da kasuwanci, wanne ya fi amfani. A can akwai alƙalai masu ba da maki, shi ya sa ake cewa ɓangare kaza ya ci. A muhawarar siyasa kuwa babu alƙalin da ke ɗaga hannun wani kamar a filin dambe. Mai gabatarwa yana yin tambaya ne ya kuma tsare lokaci. Saboda haka idan ka ji an ce wane ya ci muhawara, ra'ayin mai faɗar ne, kuma sau da yawa tun kafin a kunna talabijin ya san wanda zai ba nasara.

Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A 1993 Alhaji Bashir Tofa, ɗan Kano, ya zauna da Cif MKO Abiola a gaban kyamara kafin zaɓen 12 ga Yuni. Ta 'yan takarar mataimakin shugaban ƙasa kuwa, wadda na fi riƙewa ita ce ta ranar 14 ga Disamba 2018 a Abuja, inda mutum biyar suka tsaya: Farfesa Yemi Osinbajo na APC, Peter Obi na PDP, Umma Getso ta YPP, Khadijah Abdullahi-Iya ta ANN, da Ganiyu Galadima na ACPN.

Abin da ya zaga gari bayanta shi ne maganar shago. Obi ya nuna cewa mutum ba ya rufe shagonsa ya tafi bin ɓarayi, wato yaƙi da cin hanci kaɗai ba zai gyara tattalin arziki ba. Osinbajo ya mayar masa cewa idan ka bar ɓarayi suka kwashe kayan, ai babu sauran shagon da za a buɗe. Magana ce mai daɗin maimaitawa, har masu kanti a kasuwarmu sun yi kwanaki suna juya ta. Wasu suka yaba wa Obi saboda yawan alƙaluma da misalan ƙasar Sin da ya riƙa kawowa, wasu suka ce Farfesa ya fi natsuwa da iya jera zance.

Amma a daren nan an taɓo abin da ya fi shafar mu manoman rani, kuma kusan babu wanda ya tsaya a kai: tallafin man fetur. Obi ya soki tallafin, ya ɗauke shi a matsayin asarar dukiya. Osinbajo ya kare shi da hujjar cewa cire shi zai sa farashi ya haura. A lokacin lita tana naira 145. Da ya zo ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin, duk mai injin ban ruwa a Kura da Bunkure da Garun Malam ya ji a jikinsa. Wanda gonarsa take nesa da kwatar ruwan Tiga, sai ya sayi mai kafin shinkafarsa ko tumatirinsa su sha. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin shekara huɗu da rabi kafin nan an baje hujjojin ɓangarorin biyu a fili, mu kuwa muna can muna lissafin wanda ya fi iya Turanci.

Akwai masu cewa mataimaki ai ɗan rakiya ne, sauraronsa ɓata lokaci ne. Ban yarda ba. Tsarin mulkin 1999 ya ce idan shugaba ya rasu, mataimakinsa ne zai hau kujerar, kuma mun gani da idonmu: Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu ranar 5 ga Mayu 2010, washegari aka rantsar da Goodluck Jonathan. Shi kansa Osinbajo ya riƙe ƙasar na tsawon watanni a 2017 lokacin da Buhari yake jinya a Landan. Mataimaki ne kuma ke shugabantar majalisar tattalin arziki ta ƙasa, inda gwamnoni ke zama.

Wani dattijo a majalisarmu ta teburin mai shayi, da aka cika shi da "wane ya ci, wane ya faɗi", sai ya juya wurin wani malamin makaranta da ya kalli shirin ya ce: "Malam, ni faɗa mini abin da suka ce a kan taki da mai." Malamin ya gyara zama, ya fara fassara masa ɗaya bayan ɗaya, har shayin da ke gabansa ya huce.