Tsoka Na Rawa Da Kanta: Yaushe Ne Abin Damuwa?

Kana zaune, sai ka ji naman sha-raɓarka yana motsi ƙarƙashin fata kamar akwai wani abu mai rai a ciki. Ko fatar idonka ta kwana uku tana rawa. Mutane da yawa daga nan sai su shiga intanet, kafin gari ya waye sun yanke wa kansu hukuncin cuta mafi muni.

Me ke sa tsoka ta motsa ba tare da an so ba?

Kowace jijiyar motsi da ta fito daga laka tana da nata rukunin zaren tsoka, ita ce ke aika musu saƙon lantarki su motsa. Wani lokaci jijiyar kan saki saƙon da ba wanda ya aike ta, sai wannan ɗan rukunin ya yi zillo. Za ka gan shi da ido, amma ba shi da ƙarfin ɗaga hannu ko ƙafa. Yawancin masu lafiya sun taɓa jin haka a rayuwarsu.

To me ya fi jawo shi?

Rashin barci, damuwa, gajiya bayan aikin ƙarfi, da yawan kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi da shayi da lemunan ƙarin kuzari. Sai raguwar gishirin jiki irin su magnesiyam da kalsiyam da potasiyam, musamman bayan gudawa, amai ko zufa mai yawa. Magunguna ma suna da hannu: salbutamol da masu asma ke shaƙa, da magungunan sa fitsari da ake ba masu hawan jini. Idan ƙwayar maƙogwaro mai suna tayirod ta yi aiki fiye da kima, rawar takan zo tare da bugun zuciya da rama da karkarwar hannu.

Akwai kuma waɗanda rawar ke bi wata da watanni, har shekaru, a bincika a ga jijiyoyinsu lafiya lau. Likitoci sun san wannan yanayi, kuma ba ya lalata komai.

Na karanta cewa alamar ALS ce. Gaskiya ne?

Nan ne tsoron yake, don haka bari mu tsaya a kansa. ALS cuta ce da ke kashe jijiyoyin da ke motsa tsoka. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fayyace ta a ƙarni na 19, ita ce kuma ta kama masanin kimiyyar nan na Ingila, Stephen Hawking, yana ɗan shekara 21. Ba ta da yawa: kusan mutum biyu cikin dubu ɗari take kamawa a shekara, akasari waɗanda suka haura hamsin.

Haƙiƙa tana sa tsoka rawa. Sai dai abin da ke kai mai ita asibiti yawanci rauni ne. Kuma rauni a nan ba kasala ba ce, ba "jikina ya mutu" ba ne. Gaɓa ce ke ƙin yin aikin da ta saba. Mutum ya zo sa maɓallin riga yatsu su kasa, ya sa makulli ya kasa murɗawa, ko ƙafa ta riƙa jan ƙasa yana tuntuɓe a fili. Raunin ba ya tafiya ya dawo, kullum gaba yake yi, naman wurin kuma yana zubewa.

A shekarar 1993 likitocin asibitin Mayo a Amurka suka wallafa binciken mutum 121 masu rawar tsoka waɗanda gwajinsu ya fito lafiya. An bi su shekaru, ko ɗaya bai kamu da ALS ba. Ina so duk mai kwana yana kallon cinyarsa da fitilar waya ya san wannan, domin fargabar kanta tana ƙara rawar, rawar kuma ta ƙara fargaba.

Idan kuma da minjirya ko sagewa fa?

Wannan ya koma ga jijiyoyin ji, waɗanda ALS ba ta cika taɓawa ba. Ciwon suga ne kan gaba: yakan fara da zafi ko sagewa a yatsun ƙafa biyu, ya hau a hankali kamar safa. Ƙarancin bitamin B12 na biye, ga tsofaffi, da masu ƙaurace wa nama da ƙwai da madara, da waɗanda suka daɗe suna shan metformin, maganin ciwon suga. Maganin tarin fuka isoniazid ma yana yin haka, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6. Barasa na lalata jijiyoyi. Ko firgici kaɗai, idan mutum ya yi ta numfashi da sauri, yana sa leɓe da yatsu su yi minjirya na ɗan lokaci.

Yaushe ne ba a jira?

Idan baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, alamar shanyewar ɓarin jiki ce. Allurar narkar da gudan jini tana aiki ne cikin awa huɗu da rabi na farko. Haka kuma ba a jira da raunin da ya fara daga ƙafafu yana hawa cikin kwanaki, sau da yawa bayan gudawa ko mura, domin yana iya kaiwa ga numfashi. Wahalar haɗiya, ganin abu bibbiyu, ko kasa riƙe fitsari tare da sagewar ƙafafu, duk na asibiti ne a ranar.

Wane gwaji likita zai yi?

Zai fara da hannunsa: ya ce ka matse yatsunsa, ka yi tafiya a kan dugadugai, ya buga gwiwarka da 'yar guduma. Sai gwajin jini na suga, gishirin jiki, tayirod da B12. Idan ya ga dalili, zai tura ka gwajin EMG, inda ake sa siririyar allura cikin tsoka a karanta lantarkinta. Ka tafi da duk magungunan da kake sha, har waɗanda ka saya da kanka, kuma idan za ka iya, ka ɗauki bidiyon wurin yana rawa, don sau da yawa da an shiga ɗakin likita sai ta tsaya cik.