Zama wuri ɗaya ba gata ba ne ga tsoho

Da yawanmu muna ganin gatan dattijo shi ne a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a ce, "Baba, kai dai ka huta." Niyyar mai kyau ce, amma yawan zama yana cinye ƙarfin ƙafafu, raunin ƙafa kuwa kan jawo faɗuwa, har ta kai ga karayar ƙugu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu shekara 65 zuwa sama su riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Tattaki zuwa masallaci, zagayen gaisuwa a unguwa, tafiyar Inna Islamiyya da sa'o'inta, duk suna ciki, in dai da ɗan kuzari a takun. Mai ciwon zuciya ya fara tuntuɓar likita.